Gaisuwar da Malam Bai Amsa Ba

Ni ce ta ƙarshe da ta gane mijina ba ya ji, kuma laifin muryata ne. Na fi shekara ashirin ina sayar da wake da shinkafa a bakin tashar motoci ta Reskos a nan Kumasi, inda in ba ki ɗaga murya kin danne hon ɗin manyan motoci da ihun kwandastocin trotro, motocin hayarmu, ba, gara ki ɗauki tukunyarki ki koma gida. A can maƙogwarona ya buɗe, bai sake rufuwa ba. Ko addu'a nake yi a ɗaki, sai in ji maƙwabta suna cewa amin. Sannan tun ina yarinya ban iya yi wa mutum magana kaina a ƙasa ba, ido cikin ido nake kallon kowa. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Allah tana fama da ni a kan wannan, wai mace ba ta tsare mijinta da ido kamar ɗan sanda.

Malam, haka nake kiransa, injin niƙa ne sana'arsa a Aboabo. Tun kafin ya aure ni yake cikin rumfar kwanon nan, shi da ƙarar inji daga safe har la'asar. Tonawa, wato Asantawa masu garin, suna kawo masa jiƙaƙƙiyar masara, matanmu na Zango suna kawo geron koko da barkono. Ya dawo gida girarsa da gemunsa fari fat, ya yi wanka, ya zauna a bencinsa a ƙofar ɗaki da carbi. Mutum ne mai sanyi, magana ba ta dame shi ba. Da ya fara ƙure rediyo, na ce son labarai ne. Da ya fara miƙo mini waya in an kira shi, yana cewa «karɓi ki ji me suke so», na ce lalacin tsufa ne, har na yi masa faɗa. Ni kuwa duk abin da na faɗa yana amsawa, to ina zan gane?

Ɗanmu na fari, wanda kunya ba ta bari in kama sunansa, tare suke aiki a injin. Su biyun da hannu suke magana, ko su yi ihu a kunnen juna, har a gida haka suka saba. Shi ma bai lura ba.

Sai yaron ya yi aure. Ya ɗauko yarinya daga Atonsu, 'yar wani gidan 'yan kasuwa da kakanninsu suka zo fataucin goro tun da daɗewa, suka zauna. Gidan tarbiyya ne irin na da. Yarinyar nan in za ta wuce gabanka sai ta rage tsawo. Muryarta siririya kamar zare, in ta yi mini magana sai na ce, «Ɗiyata, ba ki karya ba ne? Buɗe baki!» Sai ta yi murmushi ta ce, «To, Mma.» Ta shiga raina tun makon farko. Na haifi maza uku, ban taɓa samun wadda za ta zauna kusa da ni muna tsince wake ba sai ita.

Lokacin ina fita da asuba da tukunyata, in dawo da azahar, bayan la'asar kuma in ɗauki littafina in tafi makarantar manya, don sai da furfura ta fara fito mini na shiga aji. Saboda haka gaisuwar safe da ta yamma tsakaninta da surukinta duk ba na nan ake yi.

Cikinta na wata bakwai mahaifiyarta ta zo. Na san abin da ya kawo ta, haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, a yi wanka, a yi arba'in, a dawo da ita. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ba ta sha ba.

Ta ce, «'Yar'uwa, ba rigima na zo yi ba. Ranar Juma'a zan zo in tafi da ita. Amma gara in faɗa miki tun yanzu, in ta yi arba'in ba za ta dawo gidan nan ba. In ɗanki yana son matarsa, ya nemi ɗaki a wani wuri.»

Na ce, «Hajiya, wa ya taɓa ta? Faɗa mini sunansa kawai.»

«Babu wanda ya taɓa ta. Tunda aka kawo ta, safe da yamma take durƙusawa tana gaida maigidan nan, bai taɓa amsa mata ba. Ko sau ɗaya. Ta ɓoye mana, ta ɓoye wa mijinta, sai da na ga ta rame na matsa mata. Ko arne ya gaishe ka ai ka amsa. In bai so auren ba, me ya hana shi faɗa tun farko?»

Malam da ke amsa gaisuwar mahaukacin layinmu, har ya tambaye shi ya iyali?

Washegari na ƙi fita kasuwa. Na shige kicin na turo ƙofa, na bar 'yar kafa. Malam ya dawo daga masallaci ya zauna a bencinsa. Can sai ga ta, ta tsaya nesa, ta gefen hagunsa, ta durƙusa. Kanta a ƙasa, ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Na kasa kunne, na ji ta da ƙyar: «Baba, ina kwana. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?» Shi kuwa da ya ga inuwarta, sai ya kawar da kai ya zuba wa carbinsa ido, don namiji mai mutunci ba ya ƙura wa matar ɗansa ido. Ta jira. Ya jira. Ta tashi a hankali, hannu ɗaya a ƙugu saboda nauyin ciki, ta koma ɗaki tana share ido da mayafin.

Ban san lokacin da na banko ƙofar kicin ba.

«Malam! Me yarinyar nan ta yi maka?»

Ya ɗago a firgice. «Wace yarinya?»

«Matar ɗanka! Mai ciki ta durƙusa a kan siminti tana gaishe ka, ka yi mata shiru kamar gunki? A ina ka koyi wannan? Ba dai a wurin uwarka ba!»

Ya dube ni. Sannan ya ce, a hankali, «Ai ba ta gaishe ni. Kullum durƙusawa take, ta yi shiru, ta tashi. Na ɗauka ko kunya ce, na ce kada in takura mata. Daga baya kuma na ce, to, 'yar manyan mutane ce, wataƙila an tilasta mata durƙusa wa mai niƙa ne, bakinta ya ƙi. Ban gaya miki ba don na san halinki.»

«Na ji ta da kunnena! Daga kicin na ji ta!»

«Ke dai kin so ki ji.»

Ya ɗauki hularsa ya tafi injin. Malam bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma ni na san abin da na ji. Ranar Juma'a aka zo da tasi aka tafi da ita. Ta rungume ni tana kuka, na ce, «Ki bar kuka, za ki dawo.» Ban san ta yaya ba.

Ranar Lahadi da yamma babu makaranta. Yana zaune a bencinsa, gidan shiru, ɗanmu ya tafi Atonsu roƙo. Na lallaɓo na tsaya a bayansa, kamar taku uku. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na rage murya, na mai da ita irin ta surukata.

«Malam, ga abinci.»

Carbi na tafiya.

«Malam, akuya ta shiga ɗakinka tana cin rigarka ta Juma'a.»

Ko gezau. Na matso taku ɗaya. Da na tabbata babu mai ji na, sai bakina ya ci gaba da kansa. Na ce masa, ranar da ya zo tasha ya sayi wake sau uku a yini ɗaya, na san ba yunwa ce ta kawo shi ba. Na ce, ban taɓa gode masa ba da ya raka ni makaranta ranar farko, ya tsaya a bakin taga har aka tashi, don matan layi suna mini dariya. Na faɗi wata magana kuma, wadda ba zan rubuta a nan ba. Ina kallon ƙeyarsa, akwai sauran gari a bayan kunnensa da wanka bai fitar ba. Bai juyo ba.

Na goge fuska na ce, «Malam!» yadda na saba.

Ya juyo nan take. «Na'am? Me ya sami idonki?»

«Albasa. Gobe za mu asibiti a duba kunnenka.»

Aka fara gardama. Shi ba kurma ba ne. Yana jin kiran salla, yana jin inji in ya canza kuka tun kafin ɗansa ya ji, yana jin ni har ya gaji. Me za a ce a masallaci? Na bar shi ya gama, na zagayo gabansa na zauna a ƙasa, na ce, «Jikanka na fari zai tashi a Atonsu, ka riƙa ganinsa ranar salla kamar baƙo. Uwarsa kuma za ta rayu tana cewa ka ƙi ta. In ka yarda da haka, ni ma na yarda.» Da safe na fito na same shi sanye da rigar Juma'ar, yana jira na.

A babban asibiti aka tura mu wani ɗaki can ciki. Mai gwajin wata matashiya ce daga cikin Tonawa, amma ta tashi kusa da Zango, tana jin Hausa irin tamu ta kasuwa. Ta haska masa kunnuwa da 'yar fitila ta ce babu datti, babu ciwo. Ta tambayi sana'arsa, da ya faɗa sai ta kaɗa kai. Ta tambaye ni me na lura, na ce na tsaya a bayansa na yi magana a hankali bai ji ba. Ashe yana kallon bakina lokacin da nake faɗa.

Ta sa shi a wani ɗan akurki mai katifa a bango, da taga ta gilashi, ta ɗora masa abin ji a kunnuwa biyu. Ta ce duk lokacin da ya ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ya ɗaga hannu. Ta zauna a waje tana danna na'ura. Malam ya yi ta ɗaga hannu babu kuskure ko ɗaya, har na fara jin kunya, na ce ashe na jawo bawan Allah a banza. Sai na ga yarinyar tana danne dariya. Ta motsa yatsa ba ta taɓa komai ba, ya ɗaga hannu.

Ta buɗe ƙofa ta ce, «Baba, hannuna kake kallo.»

Ya ce, «To 'yata, na ga kina ta wahala, kada in ba ki kunya.»

Ta juya masa kujera ya fuskanci bango. Daga nan hannun ya rage tashi. In ƙarar mai kauri ce, yana ɗagawa. Da ta koma siririya, sai na ga tana ƙara ƙarfi, tana ƙarawa, hannunsa na kan cinya. Bayan haka ta rufe bakinta da takarda tana faɗin kalmomi ya maimaita, rabi ya kama, rabi ya yi shiru. Ta cire takardar, ya kama kusan duka.

Ta ba mu wata takarda mai layuka biyu, ja na kunnen dama, shuɗi na hagu. Duk biyun sun taho daidai, sai suka gangara kamar hanyar kwari, shuɗin ya fi nutsewa. Na tuna ta gefen hagu surukata take durƙusawa. Ta ce ƙarar inji ce ta cinye sirarran sautuka, irin muryar yara da ta mata masu sanyin magana, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Akwai na'urar da za a sa masa ta taimaka, sai an auna an kawo. Ya riƙa toshe kunne a wurin aiki, ɗansa ma a kawo shi a duba. Amma abin da ya fi, ta ce, duk mai yi masa magana ya zo gabansa, inda haske yake, ya bar bakinsa a buɗe ya kalle shi, don rabin jinsa yanzu da ido ne.

Sai ta dube ni. «Ke kuma Mma, ba sai kin yi ihu ba. Ki bi a hankali kawai.»

Na ce, «Ihun nan ne ya riƙe auren nan, 'yata.»

A trotro muna dawowa, takardar na cikin aljihun Malam. Mun kusa sauka ya ce, «Wata nawa yarinyar nan tana gaishe ni?» Na nuna masa da yatsu. Ya juya yana kallon titi.

Surukata ta haihu, namiji. Ranar suna Malam ya je, amma maza a waje suke, taro ya yi yawa, ba wurin magana ba ne. Na bari sai da ya rage mako ɗaya a yi arba'in, na ce ya sa rigarsa. Na'urar ba ta iso ba tukuna. Na so hakan, don ba na son su ɗauka ƙarfe ne zai gyara abin.

Hajiya ta karɓe mu a falo, da mutunci amma fuska a ɗaure. Na fito da takardar na shimfiɗa a kan tebur. Na karanta mata abin da aka rubuta a ƙasa da Turanci, kalma bayan kalma, da yatsana a kai, na fassara. Na nuna mata inda layukan suka gangara, na ce, «Muryata tana nan sama, shi ya sa yake ji na. Muryar 'yarki tana nan cikin ramin. Kin koya mata ta sunkuyar da kai ta rufe baki, uwarsa ta koya masa ya kawar da ido. Ba ta da laifi, ba shi da laifi. In akwai mai laifi ni ce, da nake kwana ɗaki ɗaya da mutum ban san ba ya ji ba.»

Hajiya ta ɗauki takardar ta juya ta, ta ajiye. «To yanzu me kike so?»

«A kira ta. Ta zo gabansa, ta ɗaga kai, ta kalle shi, ta gaishe shi.»

«Ta kalli surukinta a ido? 'Yata? 'Yar'uwa, ba haka muka tashi ba.»

«Ni haka na tashi, kuma ga shi ni kaɗai yake ji a duk Kumasi.»

Malam yana bin bakunanmu da ido, daga ni zuwa ita. Sai ya yi gyaran murya ya ce, «Hajiya, ni ne na roƙa. In kunya ce, na yafe mata ita. Ni ma zan daure in kalle ta.»

Aka kira ta. Ta shigo da jaririn a kafaɗa, ta nufi gefe za ta durƙusa inda ta saba. Na kamo hannunta na kawo ta gabansa, wajen hasken taga, na karɓi yaron. Ta durƙusa. Kan ya ƙi tashi. Ta dubi uwarta ta wutsiyar ido, uwar ta ce, «Ɗaga mana, ba ki ji abin da babanki ya ce ba?»

Ta sauke mayafin daga baki. Ta ɗago. Shi kuma, dattijo da furfurarsa, ya rasa inda zai sa idonsa, daga ƙarshe ya tsayar da shi a kan bakinta.

«Baba, ina wuni.»

«Lafiya lau, 'yata.» Muryarsa ta fito da ƙarfi har jaririn ya motsa. «Lafiya lau. Na amsa ta yau, na amsa ta ranar da aka kawo ki, da duk na tsakani. Ya jego? Ya ƙarfin jiki? Allah ya yi miki albarka. Ki yafe wa tsohon kurma.»

Ta fashe da kuka, Hajiya ta juya tana gyara labulen da babu abin da ya same shi. Ni na ce yaron ya yi fitsari, na fita da shi waje.

Kwana ɗaya bayan arba'in Hajiya da kanta ta rako ta, da kayan jego cike da but ɗin tasi.

Yanzu kullum da safe sai ta zo gaban bencin ta durƙusa, ta ɗaga kai, su gaisa kamar mutane. Matan layi sun fara cewa amaryar gidanmu ta koyi rashin kunya a wurin uwar miji. Na fita ƙofar gida na ba su amsa sau ɗaya, ba su sake ba. Na'urar ta iso daga baya. Ranar da aka sa masa, abin da ya fara ji kukan jikansa ne, ya ce ashe haka yaron nan yake da baki, ya gado ni. In na dawo daga kasuwa kuwa sai in ga ya kai hannu bayan kunne yana rage ta, yana zaton ban gani ba.

Har yau yakan tambaye ni me na faɗa ranar da na tsaya a bayansa. Nakan ce maganar akuya ce. Ya ce akuya ba ta sa ido ja. Jiya ma ya tambaya, surukata na tsince wake kusa da mu, kanta a ƙasa tana dariya. Na ce mata ta ɗauki tiren ta koma kicin.